Kujerar Makkan da Inna Ta Mayar

Ummi, Abba, da ke Hafsatu, na san abin da kuka taso kuna ji a gidanmu na Fagge, ko da ba a gabanku ake faɗa ba. Ana cewa ni na hana kakarku zuwa Makka. Wai baƙin ciki ne ya ci ni don ƙanina ya riga ni biya mata kujera, shi ya sa na kai tsegumi na ɓata tafiyar. Ke Ummi kin taɓa tambayata kai tsaye, shekarar da na zo bikinki, na ce ki tashi ki duba mini tukunya. Ba raini ba ne, bakina ne ya yi nauyi. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, na ajiye muciya, ba ni da aiki sai tunani, kuma ba na so a binne ni da wannan magana a bakin mutane yadda suka juya ta. Don haka ku zauna ku ji yadda aka yi, daga baya kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Kun san mahaifinku, Allah ya jiƙansa, wakilin lodi ne a Guangzhou ta ƙasar China. 'Yan kasuwa su sayi kaya, shi ya tattara, ya cika kwantena, ya raka ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya tsaya har a rufe ta a gabansa. Da ya rasu dangi suka ce in tattara in dawo gida. Na ce in dawo in ciyar da ku da me, da ta'aziyya? Na kawo ku wajen Inna, na koma, na kama ɗaki a wani dogon bene a unguwar Xiaobei na fara tuwo. Garin masara ana samu a can, amma kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sai mata 'yan kasuwa sun ƙunso mini a ƙasan akwati. Da azahar ɗakin nan cika yake yi. Mutanen Kano, mutanen Maraɗi, mutanen Yamai, duk ƙafa ta yi tsami da yawon shagunan Guangyuan, su zube a kan leda suna ci suna zufa suna zagin farashi. Hajiya suke ce mini ko da yake a lokacin ban taɓa taka ƙasa mai tsarki ba, don a can duk macen da ta hau jirgi ta zama Hajiya. Ni kuwa mutum ya ce miyata ta yi gishiri sai in nuna masa ƙofa, in ce ga shagon taliyar 'yan China nan a ƙasa, bismillah.

Kawunku Nasiru, wanda muke kira Auta, ni na kai shi can da hannuna. Inna ce ta matsa, ta ce yaro ya gama makaranta yana zaman majalisa, in ja shi a jiki ya koyi kasuwa. Ni ce 'yar fari, kun kuma san yadda Inna take da kunya irin ta mutanen da, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, sai dai ta ce “ke”. Shi kuwa Auta a cinyarta ya girma, in ya yi tari sai ta kwana da tunani. Ban taɓa jin haushin wannan ba, ko in ce na ji ina yarinya, na girma ya sake ni. Kuma yaron abin so ne, ba za a ƙwace masa ba. Kafin a je ko'ina ya iya ciniki da harshensu fiye da waɗanda suka yi shekaru a garin. Wata baiwa Allah ya ba shi ta karanta fuskar mutum. Mai shago, wanda muke kira lawban, zai kaɗa hannu ya ce “meyo”, wato babu, sai Auta ya dube shi ya yi murmushi ya ce mana akwai, yana ɓoye wa wani ne, mu ƙara zama. Mu zauna mu sha shayinsu marar sukari, can sai ga kayan an fito da su daga bayan labule. Manyan 'yan kasuwa har rububinsa suke ya raka su ciniki, ni kuma ina ta murna na ce Inna ta haifi ɗan kasuwa.

A lokacin, in takardar zaman mutum ta kusa ƙarewa sai ya tsallaka Macau ya kwana, a buga masa hatimi ya dawo. A wannan tsallakawa ce Auta ya fara ganin wata irin karta da suke kira foka. Ba irin kartar da 'yan tasha ke yi a gindin bishiya ba ce. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye, a baje wasu a tsakiya, sannan a yi ta zuba kuɗi, kowa na ƙoƙarin ya sa na kusa da shi ya tsorata ya janye, ko da shi kansa ba shi da komai a hannu. Rabin wasan sa'a ne, rabi kuma karatun fuska, kun ga kenan an kai kura mahauta. Ba shi kaɗai ya kwaso ta ba. Cikin ɗan lokaci abin ya mamaye samarin 'yan kasuwa kamar wutar daji. A ɗakunan otal ake yi, a saman wasu gidajen shan shayi ake yi a ɓoye don hukumar ƙasar ba ta yarda da caca ba, daga baya ya shiga cikin waya. Wanda da hirarsa ba ta wuce kuɗin lodi da canji, yanzu hannu ɗaya na cikin tuwona ɗaya na kan waya. Na hana a ɗakina, na ce wanda zai yi caca ya bari ya sauka daga benen.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Usumanu, mai safarar takalma, wanda ya fi kowa daɗewa a garin, kuma kullum a wajena yake cin abinci. Wata rana na kai masa ƙara a gaban Auta, na ce Alhaji ka yi wa ɗanka faɗa. Ya suɗe hannu a hankali ya ce:

“Hajiya, kwantar da hankalinki, yayi na. Ni na ga takalmi mai hitila, yara na kuka sai an saya musu, yau ko kyauta ba a karɓa. Na ga waya mai layi huɗu. Duk abin da ya shigo da gudu, da gudu shika hita. Ba shi shekara guda, ki gani in za ki sake jin sunanshi.”

Auta ya yi dariya, da ladabinsa, don bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Ya ce:

“Baba, kaya ne ke yin yayi, don kasuwa na cika da su. Wannan ba kaya ba ne. Ba ya tsufa, ba ya kwantai, ba a biya masa kuɗin kwastan. Muddin akwai mutumin da ke ganin ya fi na kusa da shi wayo, ba za a rasa teburi ba.”

Na ɗauki maganar Alhaji na riƙe, domin ita ce mai daɗin ji, kuma na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na zuba ido ina jiran shekarar ta cika.

To ga abin da mutanen Fagge ba su sani ba, su da ke ganin duk ɗan caca tsirara yake ƙarewa. Kawunku ba a cinye shi ba, shi ke ci. Da an cinye shi da abin ya zo da sauƙi, da ya dawo yana kuka na zage shi na ba shi tuwo, an wuce wurin. Amma ci yake yi, yau da gobe, har ya daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Rumfar da ya kama a Kantin Kwari don a riƙa sauke masa kaya ta zauna a kulle. Waɗanda yake ci kuwa na san su, don a kan ledata suke zama. Na ga wani magidanci ɗan Yamai da ya zo da jarin ubangidansa zai sayi yadi, ya zauna a teburin da Auta yake, bayan kwana biyu ya zo ɗakina ya kasa haɗiye loma. Na zuba masa ruwa, na koma kicin na yi kuka, don na san inda jarin nan ya kwana. Auta ya sha kawo mini kyauta, har da wata ƙatuwar tukunyar lantarki da na daɗe ina sha'awa, na ce ya fita da abarsa. Yakan zo ya ci abinci ya miƙo kuɗi in ture hannunsa, in ce tuwona sadaka ne a wajenka, kuɗinka ba zai shiga jakata ba. Sai ya yi murmushi ya ce Yaya Rabi ba kya canzawa. Duk da haka ban faɗa wa kowa a gida ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ana cikin haka sai ya biya wa Inna kujerar Makka. Ku kun fi ni ganin murnar, don kuna gidan. Matar nan duk rayuwarta koko da ƙosai ta sayar, da su ta aurar da ni, da su ta biya wa Auta makaranta, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga ɗakin Allah. Duk shekara ita ce mai raka maƙwabta sansanin alhazai, ita ce mai riƙe musu jaka, ta dawo gida ta zauna shiru. In sun dawo, ba dabino ko zobe take tambaya ba, sai ta ce su gaya mata yadda wurin yake, da gaske ne in mutum ya fara hango shi sai hawaye su zo da kansu? Da aka ce kujerarta ta fito, an ce mini rawa ta yi a tsakar gida, Inna da ko guɗa ban taɓa ji ta yi ba. Aka yi mata fasfo, aka yi allura, ta fara zuwa bita, aka ɗinka mata atamfar alhazai. Ta kira ni tana karanta mini talbiyya don in ji ko ta iya. Ni kuwa ina can na san inda kuɗin suka fito, amma wallahi ban ce uffan ba. Na ce a raina, ba ta sani ba, tsakaninsa da Ubangijinsa, bari tsohuwa ta je ta gani.

Ita ce ta kira ni. Ni la'asar ce a wajena, na sallami masu cin abinci ina wanke-wanke, ku kuma hantsi ne a Kano. Ke Ummi ke kika danna mata wayar, na ji ta ce miki ki je waje ki ja ƙofa. Muka gaisa, ta tambayi jiki da kasuwa, sannan ta ce:

“Ke, tambayarki zan yi. Mahaifin yaran nan ya yi shekaru a ƙasar can, kuma na ga yadda sana'ar take. Kuɗi ne ke tashi daga nan ya tafi can, kaya ya taso daga can ya zo nan. Duk 'yan Kwari haka suke yi. To shi wannan yaron, kuɗi ke tasowa daga can, kaya kuma ban gani ba. Na aika an duba rumfarsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kwaɗon. Me yake sayarwa a can, kuma wa yake sayar wa?”

Na ce Inna ai akwai dillanci, yana raka mutane ciniki suna ba shi la'ada. Ta ce:

“Na yi talla tun ban yi wayo ba, na san abin da la'ada ke saye. La'ada ba ta sayen kujerar Makka a shekara guda. Na haɗa ki da Allah, na haɗa ki da nonon da kika sha, ki gaya mini da wane kuɗi zan je ɗakinsa.”

To ku gaya mini, ku da kuka yi karatu, me ɗiya za ta ce bayan wannan? Na zauna a kan buhun gari, hannuna duk kumfa, na gaya mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce karta ce, kuma ci yake yi. Ta tambaye ni su wa yake ci, na ce 'yan uwansa 'yan kasuwa, da wasu da ban sani ba. Ina jin kukan kajin gidan ta cikin wayar. Can ta ce “To”, sai na ji ta ƙwala miki kira, Ummi, ki zo ki kashe.

A makon ta aika aka janye sunanta, ta ce a mayar wa mai kuɗi kuɗinsa. Mata suka cika gidan suna ba ta baki, ta ce ba za ta je gaban Ka'aba tana ɗauke da hawayen wasu ba. Ba ta gaya wa kowa dalili filla-filla ba, don ta rufa wa ɗanta asiri, abin da kawai ya fita shi ne ta yi waya da Rabi sai ta fasa. Daga nan aka samo labarin da kuka taso da shi.

Auta ya zo ɗakina ana tsakar cin abinci, bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin kicin idonsa jawur, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce:

“Yaya, me Inna ta yi miki? Zunubin nawa ne, ni zan ɗauka. Ita ba ta sani ba, da ta je ta yi aikinta ta dawo da farin ciki. Kin ɗauki gaskiyarki kin soke ta da ita.”

Na ce tambayata ta yi, ta haɗa ni da Allah. Ya ce:

“Da sai ki ɗauki zunubin ƙarya ɗaya saboda ita. Ni na ɗauki wanda ya fi shi.”

Ya juya ya fita. Alhaji Usumanu na zaune ya ji komai. Da mutane suka watse ya ce mini shi ma ya taɓa jin wasu malamai na cewa wanda bai san asalin dukiya ba babu laifi a kansa. Na ce Alhaji na sani, shi ya sa na yi shiru tun farko, amma da ta tambaya fa? Ya girgiza kai ya sa takalminsa. Tun daga ranar Auta bai sake cin tuwona ba.

Na kira Inna na ce ta kwantar da hankalinta, zan tara da gumina in biya mata, ko zai ɗauke ni shekaru. Ta ce a'a. Ta ce shi ya fara niyya, shi zai cika. Ya bar abin nan, ya koma kasuwa, ya yi lodi na halal ya biya mata, ranar za ta tafi ko da rarrafe. Na gane lissafinta. Gani take in ya san uwarsa na zaune tana jiransa, zai kasa ci gaba. Ta kuma tambaye ni:

“Shi wannan abin da suke yi, yana ƙarewa kuwa? Ko ya zo kenan?”

Na ba ta amsar da aka ba ni. Na ce Inna manya sun ce yayi ne, ba zai daɗe ba. Ta ce to alhamdulillahi, in yayi ne ai mai haƙuri ya fi shi tsawon rai.

Bai ƙare ba. Hukuma ta kai samame saman gidajen shayin aka rufe su, na yi sadaka don murna, ashe abin ya riga ya koma cikin waya inda ba ƙofar da za a ɓalle. Wasu samarin sun bari, wanda aka cinye ya koma gida da kunya, wanda ya yi aure mata ta tsare shi, amma duk wanda ya tashi sai wani sabo ya zauna a gurbinsa. Alhaji Usumanu ya rasu yana cewa saura kaɗan. Auta kuwa ya bar Xiaobei ya kama gida a wata unguwa mai nisa, yana wasa da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, ya ce ko ta yadda mutum ke jinkirin danna waya yana gane tsoronsa. Ba na jin kuɗin ne ya riƙe shi, don ba ya sa suturar kirki, ba ya hawa mota. Daɗin ya fi kowa ne ya riƙe shi. Yana kiran Inna yana gaishe ta, yana kuka ma wani lokaci, ya ce mata saura kaɗan. Ya aika kuɗin cefane ta mayar. Duk shekara in aka fara jigilar alhazai sai ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce, “Ya daina?” In ce bai daina ba, Inna. Ta ce to, Allah ya kai mu baɗi. Na tsani watan nan, ni da ya kamata in yi murna da shi, in ya tsaya ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Sai ciwon hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ɗaya ya yi nauyi. Kai Abba kai ka kira ni daga asibiti, ka ce likita ya ce in za a kai ta a kan keken guragu to a bana ne, baɗi ba lallai jikin ya ɗauki jirgi ba. A lokacin na riga na tara abin da zai isa, da muciya da zufa, ba kobon kowa a ciki. Amma na san in na ce ni ce zan biya za ta sake cewa a'a. Sai na yi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na rufe ɗaki da rana tsaka, na bar mutane da yunwa a bakin ƙofa, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na je gidan Auta. Ya buɗe ya gan ni. Ya rame, furfura ta fara fito masa, labule a rufe, wayoyi da kwamfuta a baje a kan teburi. Na durƙusa a gabansa, ni yayarsa da na goya shi, na ce:

“Auta, ban zo faɗa ba. Kuɗin na wajena, halal ne, ka san inda na samo su. Abu ɗaya nake roƙo. Ka kira ta ka ce ka daina, ka ce ka koma kasuwa, kai ka biya. Ba za ta ci haram ba, kujerar tsarkakakkiya ce. Ƙaryar kawai za mu raba ni da kai.”

Ya dube ni. Ya ce:

“Yau ke ce, Yaya?”

Na ce ni ce. Na ce sana'arka kenan, ka sa mutum ya yarda kana da abin da ba ka da shi, ka yi wa uwarka sau ɗaya don Allah. Ya ɗaga ni, ya zaunar da ni a kujera, ya wanke fuska, ya buɗe labule don ta ga haske a bayansa. Ya ce in yi kiran bidiyo.

Abba, kai ka riƙe mata wayar, ka ga abin da ya faru amma ba ka san abin da ya gabace shi ba. Fuskarta ta fito, bakin ya ɗan karkace, ɗankwali ya zame. Da ta gan mu tare, ni da shi, abin da ta yi shekaru ba ta gani ba, sai idonta ya yi haske. Ya gaishe ta, ya yi mata ya jiki, muryarsa daidai, na ce a raina zai iya. Ya ce Inna bana za ki tafi in Allah ya yarda, an gama komai. Ta dube shi, maganar na fita da ƙyar, ta ce:

“Auta na. Ka daina?”

Mutumin da ya zauna da ƙwararrun mayaudara ba su ga komai a fuskarsa ba, sai ga leɓensa na rawa kamar ranar da aka fara kai shi makarantar allo. Na taka masa ƙafa. Ya sunkuyar da kai ya ce:

“Ban daina ba, Inna.”

Ta lumshe ido. Na zaci kuka za ta yi, ba ta yi ba. Ta ce:

“Allah ya yi maka albarka da ba ka yi mini ƙarya ba. Allah ya shirya mini kai. Ina nan, ba inda za ni.”

Na ƙwace wayar na ce Inna kuɗina ne, na rantse, ki bari in kai ki. Ta ce, “Ke, na ji. Allah ya saka. Amma in na tafi, me zai dawo da shi?” Ta ce ta gaji, a kwantar da ita.

Ba ta ga wani watan aikin hajjin ba bayan na shekarar. Ni da Auta muka hau jirgi ɗaya zuwa gida, kujerunmu kusa da juna, kuma mun tarar an riga an kai ta. Ya yi kwanakin zaman makoki ya koma. Har yau yana can, har yau yana yi, kuma yanzu abin ya biyo mu gida, ina ganinsa a wayoyin samarin layinmu. Masu cewa zai wuce suna nan suna faɗa, wataƙila su yi gaskiya wata rana, ni dai na daina lissafi. In kawunku ya kira ku, ku ɗauka ku gaishe shi da ladabi, ɗan uwana ne, kuma ta rasu tana sa masa albarka.

Da kuɗin nan na je na sauke farali, bayan wasu shekaru na sake tarawa na koma na yi mata nata. Da na shiga harami na hango ɗakin, gaskiya ne abin da aka gaya mata, hawayen da kansu suke zuwa. Malamai sun ce ladan ya isa gare ta, kuma na yarda. Amma Inna ba lada kaɗai take so ba, so take ta gani da idonta.